Manhajar Kwana Biyu da Shari'ar Shekara Biyu

Da yammacin Lahadi ake yanke hukunci. Kowane rukuni na ɗalibai yana da minti uku, wani lokaci biyar, ya hau dandamali ya nuna abin da ya kwana biyu yana haɗawa. Idanu sun yi ja, tebura cike da wayoyin caji da kofunan da aka manta da su, wani ya kifa kai a kan jakarsa yana barci. Wanda ya fi iya baki a cikin rukunin shi ke riƙe makirufo, ɗan'uwansa kuma yana gefe yana danna kwamfuta, yana roƙon Allah kada intanet ta ɗauke a daidai wannan lokaci. A kan allo sai ka ga an rubuta tambaya kamar ta wanda mai gida ya ba shi takardar tashi, cikin daƙiƙa biyu manhaja ta amsa, ta zayyano haƙƙoƙinsa, ta haɗa masa wasiƙa. Zaure ya ɗauki tafi, alƙalan gasa su rubuta maki.

Wannan shi ne hakaton, gasar da ake tara masu rubuta manhaja a wuri ɗaya na awa 24 ko 36 ko 48, a ba su matsala, a ce su fito da abin da ke aiki kafin ƙararrawa. Sunan ya fara fitowa ne a 1999, lokacin da mutum goma masu gina manhajar kwamfuta ta OpenBSD suka haɗu a birnin Calgary na Kanada. Ɗalibai suka karɓe shi daga baya. Jami'ar Pennsylvania ta fara gasarta mai suna PennApps a 2009, Indiya kuma ta mayar da shi shiri na ƙasa baki ɗaya a 2017. Harkar shari'a ta shigo ne a 2012, shekarar da ɗaliban makarantar lauyoyi ta Brooklyn suka shirya nasu taron, wanda ya haifi ƙungiyar Legal Hackers mai rassa a biranen duniya, kuma Jami'ar Georgetown ta soma gasar Iron Tech Lawyer, inda ɗaliban lauya ke gina manhajoji wa ƙungiyoyin agajin shari'a. A 2018 aka yi Global Legal Hackathon na farko a birane da dama a ƙarshen mako guda.

Dalilin da ya ja hankalin matasa zuwa wannan fage ba ɓoyayye ba ne. A 2019 ƙungiyar World Justice Project ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 5.1, wato kusan kashi biyu bisa uku na mutanen duniya, suna da wata buƙata ta adalci da ba a biya musu ba. A cikinsu akwai biliyan 1.5 da ke da takaddama ko ƙorafi amma sun rasa hanyar warwarewa, akwai sama da biliyan 1 da ba su da takardar shaidar ko su wane ne, akwai biliyan 2.3 da ba su da hujjar mallakar gida ko filin da suke zaune a kai. Ko a Amurka, inda lauyoyi suka fi miliyan, rahoton hukumar Legal Services Corporation na 2022 ya nuna masu ƙaramin ƙarfi ba su sami taimakon lauya ba, ko ba su sami isasshe ba, a kashi 92 cikin 100 na manyan matsalolinsu da ba na laifi ba. Tun 1963 kotun ƙolin ƙasar ta ce wanda ake tuhuma da babban laifi dole a ba shi lauya idan ba shi da hali, amma wannan haƙƙin bai haɗa da wanda za a fitar daga gidan haya ko wanda ake bi bashi ba. Lauyoyi ba za su taɓa isa ba. To idan lauya ɗaya ba zai iya zama da mutum dubu ba, me zai hana manhaja ɗaya ta zauna da su?

Tambayar tana da kyau. Abin da nake ja da shi shi ne zaton cewa wahalar tana wajen gina manhajar.

Ɗauki misalin wata mata da aka kawo wa takarda daga kotu. Wani kamfani da ba ta taɓa jin sunansa ba ya ce yana bin ta bashi, domin ya sayi bashin ne daga wanda ya saya daga bankin da ta taɓa hulɗa da shi shekaru shida baya. Takardar shafi huɗu ce, da ƙananan haruffa, kuma ranar da ya kamata ta mayar da martani tana can a tsakiyar shafi na biyu. Ta duba ta ga ba ta san kamfanin ba, ta ɗauka 'yan damfara ne, ko kuma ta san akwai bashin amma ba ta da abin biya, don haka me za ta je ta faɗa wa alƙali? Sai ta cusa takardar cikin aljihun tebur. Wa'adi ya wuce, kotu ta ba kamfanin gaskiya a bayan idonta, ba ta sani ba sai ranar da ta ga an zaftare mata albashi. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya gano cewa a kotunan Amurkan da aka duba, fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bin bashi haka suke ƙarewa, ba tare da wanda ake ƙara ya ce uffan ba.

Yanzu koma ga manhajar da aka yi wa tafi ranar Lahadi. An gina ta ne domin mutumin da ya riga ya san matsalarsa ta shari'a ce, ya san akwai abin da zai iya yi, ya ɗauki waya ya nema, ya ci karo da wannan manhaja a cikin dubbai, ya kuma amince da ita har ya zuba mata sirrinsa. Matar da muka ambata ba ta kai ko matakin farko ba. Masaniyar zamantakewa Rebecca Sandefur ta daɗe tana nuna wannan a bincikenta: yawancin mutane ba tsadar lauya ce ta fara hana su neman taimako ba, a'a, ba sa ma kallon abin da ya same su a matsayin maganar shari'a. Suna ɗaukarsa ƙaddara ce, ko rashin sa'a, ko sha'anin rayuwa. Ɗalibin da bai taɓa karɓar sammaci ba zai yi wuya ya hango wannan da ƙarfe uku na dare, yana fama da wani layin manhaja da ya ƙi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a yawancin waɗannan taruka mai ɗakin ba ya cikin zauren.

Akwai kuma abin da agogo da alƙalan gasa suke sakawa a kansa. Abin da ke cin kyauta shi ne wanda ya burge cikin minti uku, abin da ke taimakon mutane a kotu kuwa sau da yawa ba shi da wani armashi ko kaɗan. A birnin New York, a da kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda 'yan sanda ke ba takardar gayyata kotu saboda ƙananan laifuka ba sa zuwa, kuma rashin zuwa na nufin a ba da umarnin kama mutum. Masu bincike daga ƙungiyar ideas42 da Jami'ar Chicago suka sake fasalin takardar kawai. Suka ɗauko rana da wurin zaman kotu suka kai su sama, suka rubuta sakamakon rashin zuwa da manyan haruffa. Rashin halarta ya ragu da kashi 13. Suka ƙara da saƙon tes na tunatarwa, ya sake raguwa da kashi 21 a cikin waɗanda suka samu saƙon. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Science a 2020 ya ƙiyasta an kauce wa umarnin kamu kimanin 30,000 cikin shekara uku. Ka yi tunanin ɗalibi ya hau dandamali ya ce abin da ya kwana biyu yana yi shi ne matsar da kwanan wata zuwa saman takarda. Ko na goma ba zai zo ba.

Labarin goge tarihin laifi ya fi wannan ban mamaki. A jihohin Amurka da dama, doka ta ba wanda ya gama zaman hukuncinsa damar neman a share masa tabon, domin tabon na hana samun aiki da gidan haya. Malamai biyu na Jami'ar Michigan, J.J. Prescott da Sonja Starr, sun gano cewa kashi 6.5 cikin 100 kacal na waɗanda suka cancanta a jihar ne suka samu gogewar cikin shekara biyar, alhali waɗanda suka samu albashinsu ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin shekara guda. A San Francisco, bayan Kalifoniya ta halatta wiwi a 2016 ta kuma ba da damar goge tsofaffin hukunce-hukunce, an shafe fiye da shekara mutum 23 ne kawai suka shigar da buƙata. Ƙungiyar Code for America ta fara da abin da kowane rukunin ɗalibai zai fara da shi, wato manhajar da ke sauƙaƙa wa mutum neman gogewar. Daga baya ta juya akalar gaba ɗaya. Ta shiga ofishin babban mai gabatar da ƙara na birnin, ta rubuta abin da zai karanta bayanan gwamnati ya zaƙulo waɗanda suka cancanta da kansa, a 2019 aka sanar da share hukunci sama da 8,000 ba tare da kowa ya cike fom ba. Dabarar kwamfutar da ke ciki ba ta fi ƙarfin haziƙin ɗalibi ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne mabuɗin ɗakin da bayanan suke, da sa hannun jami'in da zai yarda, kuma waɗannan ba a samunsu tsakanin Juma'a da Lahadi.

Sai maganar raino, wadda a ganina ita ce uwar matsalar. Manhajar wasa idan aka watsar da ita ta mutu, ba wanda ya cutu. Ta shari'a ba haka take ba, domin tana iya ci gaba da numfashi bayan ta daina faɗin gaskiya. Majalisa ta sauya doka, kotu ta canja fom, wa'adin kwana 30 ya koma 14, amma shafin na nan yana gaya wa mutane 30, da kyakkyawan launi da tambarin jami'a a ƙasa. Wanda ya dogara da shi ya makara, kuma a kotu makara ɗaya ta isa ta jawo asarar gida. Su kuwa waɗanda suka gina shi sun gama karatu, ɗaya ya sami aiki a wani gari, ɗaya ya manta kalmar sirrin shiga, katin bankin da ake biyan kuɗin ajiye shafin a intanet da shi na ɗayan ne. Ga kuma bayanan da mutane suka zuba, na matar da ke neman kariya daga mijin da ke dukanta, ko baƙon da takardunsa ba su cika ba, suna ajiye a wani wuri da ba mai gadi. Abin da ka faɗa wa lauyanka doka ta rufa masa asiri, abin da ka rubuta wa manhajar ɗalibai ba lallai ya sami wannan kariya ba.

Kada a ɗauka wannan laifin ƙuruciya ne. A ƙasar Holan an gina Rechtwijzer, dandalin da ma'aurata ke sasanta rabuwarsu ta intanet, da haɗin gwiwar hukumar agajin shari'a ta ƙasar da cibiyar HiiL da kamfanin Modria. An yi ta yabonsa a tarukan duniya, amma a 2017 aka rufe shi, saboda masu amfani da shi ba su kai yawan da zai riƙe kansa ba. Idan mai gwamnati a bayansa ya durƙushe, ina ga na yara huɗu?

Wani shingen kuma lauyoyi ne da kansu suka gina shi. A ƙasashe da yawa laifi ne wanda ba lauya ba ya ba da shawarar shari'a. Ya halatta ka ce wa mutum doka ta ce kaza, amma da ka ce masa a halin da kake ciki yi kaza, ka tsallaka iyaka. Abin takaici, na biyun shi ne abin da mutum ke buƙata. Don haka manhajoji da yawa suke tsayawa a bakin gaɓa, su jibga maka bayani su ce ka nemi lauya, wato su mayar da kai inda ka fito. Ƙungiyar Upsolve, wadda wani ɗalibin Harvard mai suna Rohan Pavuluri ya kafa a 2016 tare da lauya Jonathan Petts, tana taimaka wa waɗanda bashi ya yi wa katutu su cike takardun ayyana karayar arziki kyauta, aikin da lauya kan caji fiye da dala 1,000 a kansa. A 2022 sai da ta maka jihar New York a kotu, tana neman a bar ta ta horar da mutanen gari su taya maƙwabtansu cike fom mai shafi ɗaya na amsa ƙarar bashi. Alƙali ya ba ta dama ta wucin gadi a watan Mayun shekarar, jiha ta ɗaukaka ƙara, aka shafe shekaru ana jan zare a kan fom ɗin. Jihar Utah ta bi wata hanya a 2020, inda kotun ƙolinta ta buɗe filin gwaji da ke barin waɗanda ba lauyoyi ba, har da manhajoji, su yi wasu ayyukan a ƙarƙashin sa ido.

Ba zan ce shingen ba shi da amfani ba. Joshua Browder yana ɗan shekara 18 ya gina manhajar DoNotPay a 2015 don ƙalubalantar tarar ajiye mota a Landan, kuma a wannan ɗan ƙaramin aiki ta yi suna. Da ta girma ta fara kiran kanta lauyan mutum-mutumi na farko a duniya, sai hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta taso mata a 2024, tana cewa kamfanin bai gwada ko aikin manhajar ya kai na lauya ba. Aka sasanta a kan dala 193,000. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa wannan haɗari kaifi, domin yanzu cikin awa biyu ɗalibi zai iya haɗa abin da ke amsa kowace tambaya da cikakken ƙwarin gwiwa. A 2023 wani alƙalin tarayya a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba. Waɗannan fa lauyoyi ne masu lasisi, da ɗakin karatu a hannunsu. Matar da ta cusa sammaci cikin aljihun tebur da me za ta tantance?

Duk da haka akwai waɗanda suka rayu, kuma idan ka dube su da kyau za ka ga sun yi kama da juna ta wani gefe. A Yuganda, Gerald Abila yana ɗalibin lauya ya fara amsa tambayoyin mutane a Facebook daga wayarsa a 2012, abin da ya zama BarefootLaw. Bai fara da gina sabon abu ba, ya je inda mutane suke ne, fasahar ta biyo baya. BudgIT, wadda ke fassara kasafin kuɗin gwamnati zuwa zane da kowa zai gane, ta fito ne daga wata gasa da cibiyar CcHub ta shirya a Legas a 2011, amma cibiyar ta ci gaba da riƙe ta bayan an watse. Wanda ya fi burge ni shi ne Heat Seek, da ɗaliban makarantar koyon rubuta manhaja ta Flatiron da ke New York suka ƙirƙiro a 2014. Dokar New York ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole mai gida ya ɗumama ɗakin ɗan haya zuwa maki 20 a ma'aunin Salshiyos da rana idan waje ya yi sanyi. Wasu masu gidaje kan kashe na'urar, su kunna idan sun ji jami'in bincike na tafe, a kotu kuma ta zama maganata da taka. Ɗaliban suka haɗa 'yar ƙaramar na'ura da ke auna sanyin ɗaki kowace awa tana ajiyewa. Ba ta ba da shawara, ba ta fassara doka, hujja kawai take tarawa, wadda lauyan 'yan haya zai ɗora a gaban alƙali. Matsala ɗaya, a gari ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya.

Na Jami'ar Suffolk da ke Boston ya nuna wata hanyar. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe ƙofofin kotuna, ɗakin gwaje-gwajen fasahar shari'a na makarantar ya tara ɗalibai da masu sa kai suka mayar da fom-fom na kotunan Massachusetts zuwa tambayoyi masu sauƙi da ake amsawa a waya, har da na neman kariya daga cin zarafi a gida. Saurin irin na hakaton ne, amma sauran komai daban. Ba su ƙirƙiro sabon tushe ba, sun hau kan Docassemble, manhajar kyauta da wani lauyan agajin shari'a a Philadelphia, Jonathan Pyle, ya rubuta. Sun yi aiki da kotuna don fom ɗin ya isa inda za a karɓe shi. Kuma akwai malamai masu albashi da ke nan bayan ɗaliban wannan shekara sun tafi, su miƙa aikin ga na shekara mai zuwa. Tsarin Georgetown ma kusan haka yake, zangon karatu guda ake yi ana gini, kowane rukuni da ƙungiyar da ta kawo matsalar kuma za ta karɓi abin da aka gina.

Masu shirya irin waɗannan taruka sukan ce, idan aka matsa musu, ai ba manhajar ce manufa ba, ɗaliban ne. Akwai gaskiya a ciki. Ɗalibar lauya da aka tilasta wa mayar da sashen doka zuwa jerin tambayoyin e ko a'a takan gano a karon farko cewa sashen yana da rami, akwai halin da bai faɗi abin da za a yi ba. Ɗalibin kwamfuta kuma ya gano cewa kalma ɗaya, irin su "mai ma'ana" ko "cikin lokaci", ta ƙi shiga kowane lissafi, kuma da gangan aka bar ta haka domin alƙali ya auna. Wasu daga cikinsu za su zama magatakardan kotu, ko masu tsara fom, ko alƙalai, kuma za su tuna. Sai dai idan haka ne, ya kamata a faɗa tun farko. Ƙungiyar agajin shari'a da ta cire lauyanta ɗaya daga cikin uku ya shafe Asabar yana bayyana wa ɗalibai yadda korar ɗan haya take, ta yi hakan ne da fatan samun kayan aiki. Idan ranar Litinin abin da ya rage mata hoton rukuni ne da adireshin shafin da zai daina buɗewa bayan wata shida, to ita ce ta biya kuɗin karatun, da lokacin mutanen da ke jiran lauyan a layi.

Wasu masu shiryawa sun fara gyara. Ƙungiyoyi ne ke kawo matsalolin tun makonni kafin taro, ana zaunar da wanda abin ya taɓa shafa a teburin alƙalai, ana raba kyautar gida biyu a riƙe rabi sai bayan wata shida, ana kuma karɓar gyaran tsohuwar manhaja a matsayin aikin gasa. Wannan na ƙarshe shi ya fi wahalar tallatawa. Kamfanin da ya ɗauki nauyin taro yana son hoton sabon abu, ɗalibi yana son abin da zai rubuta a takardar neman aiki cewa shi ya ƙirƙira, kuma babu ɗayansu da ke marmarin kwana biyu ana bin tambayoyi 60 na wani fom ɗaya bayan ɗaya, ana duba ko har yanzu sun dace da dokar bana.